Haɗarin da ke Ɓoye a Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙara

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wani bala'i wanda ba a san shi a ƙasashen zafi ba, amma a ƙasashen sanyi masu manyan duwatsu babu shekarar da za ta fita bai ci rayuka ba. Bala'in nan shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, watau tarin ƙanƙarar da ta kwanta a jikin dutse ta ɓalle, ta gangaro, ta binne duk abin da ta tarar a gabanta. A nahiyar Turai kaɗai, in an kwatanta shekara da shekara, mutum wajen 100 ke halaka ta wannan hanya kowane hunturu.

Masu sauraro da ke zaune a Ingila ko Amurka sun san dusar ƙanƙara, sun taka ta, watakila ma sun share ta daga ƙofar gida. Amma wanda ke Kumasi ko Garwa ko Jidda ya kamata a fayyace masa ita tun da fari. Ƙanƙarar nan da kan faɗo da damina kamar tsakuwa daban ta ke. Ita dusar ƙanƙara tururin ruwa ne da ya daskare can cikin gizagizai, ya zama 'yan ƙwayoyi masu rassa shida kamar taurari, suna saukowa sannu sannu kamar audugar rimi. Sabuwar zuba ba ta da nauyi, gama yawancin jikinta iska ce. In an cika tulu goma da ita aka narkar, da ƙyar ruwan zai cika tulu ɗaya. To, ta yaya abu mai laushi haka zai rushe gidan dutse?

Mutanen duwatsun Alps, waɗanda suka miƙe tun daga Faransa, suka ratsa Suwizalan da Italiya har zuwa Ostiriya, sun ga amsar wannan tambaya da idonsu a shekarar 1951. A tsakiyar watan Janairu na shekarar aka yi kwana da kwanaki ana zuba dusar ƙanƙara dare da rana, tare da iska mai ƙarfi, har a waɗansu wurare zurfin sabuwar zuba ya haura mita 2. Daren 20 ga wata ƙanƙara ta ɓalle daga dutsen da ke bisa ƙauyen Vals a Suwizalan, ta auka cikin gari, ta kashe mutum 19. A Andermatt mutum 13 suka rasu. Da watan Fabrairu ya kama, sai masifar ta koma gefen kudu na duwatsun, inda ta ci mutum 10 a garin Airolo. Kafin hunturun ya fita an rasa mutum 98 a Suwizalan, 135 a Ostiriya, jimillar duk yankin kuwa ta kai wajen 265, ban da dabbobi da gidaje da dazuzzuka. Yawancin waɗanda suka mutu suna cikin ɗakunansu ne, ko a kan hanya, ko wurin ceton 'yan'uwansu.

Kafin a gane abin da kan jawo irin wannan, sai an san cewa ƙanƙarar da ke kwance a jikin dutse ba jiki ɗaya ba ce. Mai kallo daga nesa zai ga fari fat, sumul, kamar an shimfiɗa alawayyo. Amma wanda ya haƙa rami a cikinta zai ga abin da mai ginin rijiya kan gani, nan yashi, nan yumɓu, nan marmara. Kowace zuba tana da tata shimfiɗa, kuma kowace shimfiɗa tana riƙe da labarin yanayin da aka yi sa'ad da ta kwanta, ko da iska, ko da rana, ko da tsananin sanyi. Waɗansu shimfiɗun sun kama juna ƙam. Waɗansu kuwa ruɓaɓɓu ne, ba su kama kome ba. A nan haɗarin ya ke.

Ga yadda shimfiɗa mai rauni kan samu. Ƙasar da ƙanƙara ta rufe ba ta yin sanyi ƙwarai, domin ƙanƙarar ta zame mata bargo, ma'aunin zafi kan tsaya wajen sifiri. Amma can sama, in dare ya yi garau, sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifiri ko fiye. Sai tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙasa mai ɗumi yana bi ta tsakanin ƙwayoyin zuwa sama mai sanyi, yana barin wannan ƙwaya yana daskarewa a jikin waccan. A kwana a tashi sai ƙwayoyin su sake kama, su zama manya masu kusurwa, ba sa manne wa juna. Ƙanƙara mai kyau a kan dunƙula ta da hannu kamar fura, amma wannan sai ta zube ta tsakanin yatsu kamar sukari. Masana sun auna, sun ga abin kan fara ne in bambancin zafi ya kai digiri 1 cikin kowace santimita 10. Saboda haka ƙanƙara marar kauri ta fi saurin ruɓewa, gama sanyin sama da ɗumin ƙasa sun fi kusa da juna. Abin mamaki ke nan, shekarar da hunturu ya fara da ƙarancin ƙanƙara da dogon sanyi ita ce ta kan kafa mugun harsashi, duk abin da aka ɗora masa daga baya yana zaune ne a kan sukari.

Akwai kuma hanya ta biyu. A daren da babu gajimare babu iska, raɓa kan daskare a saman ƙanƙara, ta tsiro tsaye kamar ƙananan gashin tsuntsu. Da safe a gan ta tana ƙyalƙyali, gwanin kyau. Amma in wata zuba ta zo ta rufe ta tun tana tsaye, shi ke nan an binne tarko. Kaurinta sau da yawa bai fi na yatsa ba, ga shi kuwa ta kan yi makonni a ƙarƙashi ba ta warke ba, babu kuma wata alama tata a sama.

Shimfiɗa mai rauni ita kaɗai ba ta kisa, sai an sami abu mai nauyi wanda ya haɗe ya hau kanta. Wannan aikin iska ne. Duk wanda ya taɓa ratsa hamada a Nijar ko Cadi ko Sudan ya san yadda iska kan kwashi rairayi daga fuska ɗaya ta tudu ta zuba shi a bayansa, har bayan ya yi tsaye, in an taka sai ya zame. Haka ta ke yi da dusar ƙanƙara. Ta kan kwashe ta daga gefen da ta ke bugawa, ta farfasa ƙwayoyin, ta jibge su a gefen da ke fake, ta danne su har su haɗe kamar katako guda. A harshen Jamus sunan wannan abu ma'anarsa allon ƙanƙara, kuma mutanen duwatsun kan ce iska ita ce maginiyar zaftarewa. Mai sauraro ya kwatanta a ransa an watsa gero a kan gangare, sa'an nan aka ɗora ƙyaure a kan geron. Ƙyauren yana nan zaune lafiya, sai ran da wani ya taka shi.

Abu na uku shi ne tsayin gangaren kansa. Fili shimfiɗaɗɗe digirinsa sifiri ne, bango tsayayye kuwa digiri 90. In gangare bai kai digiri 30 ba, da wuya allon ya ɓalle. In kuma ya miƙe ƙwarai ya wuce 50 ko 60, ƙanƙara ba ta samun zama, tana zubowa kaɗan kaɗan tun ba ta taru ba. Haɗari yana tsakanin 30 da 45 ne, watau kamar matakalar bene ko fiye da haka kaɗan. Abin takaici, irin gangaren nan ne masu wasan zamiya suka fi so, waɗannan da kan ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa su sulalo daga kan dutse.

In abubuwan nan uku suka haɗu, saura mai taɓawa. Nauyin mutum ɗaya kan ratsa ƙanƙara har zurfin mita guda ko kusa da haka. In ya iske shimfiɗa mai rauni, sai ta murƙushe a ƙarƙashin ƙafarsa, murƙushewar ta ruga ta ko'ina a ƙarƙashin allon da gudun da ya fi na doki. Kafin ƙiftawar ido sai tsaga ta bayyana can sama da shi, allon da faɗinsa kan kai filin ƙwallo ya fashe kamar madubi, ya taho da mutumin a tsakiyarsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi gudunsa kan wuce kilomita 100 a sa'a. Manya manya kuwa, waɗanda kan gauraya da iska su zama farin hadari, su kan kai kilomita 300 a sa'a, iskar da ke gabansu kaɗai ta isa ta kwantar da itatuwa. Mutum ma kan tayar da ita yana tafiya a kan fili a gindin dutse, murƙushewar ta haura sama ta saki abin da ke bisa kansa.

An daɗe ana cewa ihu ko ƙara mai ƙarfi kan tayar da zaftarewa. Gwaji ya nuna wannan tatsuniya ce, muryar ɗan Adam ba ta da ƙarfin da zai motsa kome. Gaskiyar ta fi haka ɗaci. Cikin kowane mutum goma da zaftarewa ta rutsa da su a dajin duwatsu, wajen tara su ne suka tayar da ita da ƙafarsu, ko kuwa wani daga cikin abokan tafiyarsu.

Akwai wata iri kuma wadda ba ta jiran kowa. Wajen ƙarshen hunturu, sa'ad da rana ta fara zafi, ko in an yi ruwan sama a kan ƙanƙara, ruwa kan tsiyaya ciki ya kwance ƙwayoyin, sai ta gangaro jiƙaƙƙiya kamar kwaɓaɓɓen laka. Ba ta da gudun busasshiya, amma ta fi ta nauyi. Domin haka masu hawan dutse a wannan lokaci kan yi sammako tun da asuba, su sauko kafin rana ta take.

Yawancin ilmin nan ya fito ne daga Suwizalan. A shekarar 1936 waɗansu masana suka kafa wurin bincike a kan dutsen Weissfluhjoch, bisa garin Davos, a tsayin da ya haura mita 2,500, suka shiga auna ƙanƙara kowace rana. A 1942 wurin ya zama cibiyar gwamnati ta binciken dusar ƙanƙara da zaftarewa, kuma tun 1945 ita ke ba da sanarwar haɗari ga ƙasar. Bayan masifar 1951 gwamnati ta tashi tsaye. Aka kakkafa shingayen ƙarfe jeri jeri can sama inda ƙanƙara kan fara ɓallewa, don su riƙe ta a wurinta, tsawonsu duka ya haura kilomita 500. Aka yi wa hanyoyin mota da na jirgin ƙasa rufin kankare a miyagun wurare. Aka zana taswira ga garuruwa, inda aka shafa ja an hana sabon gini sam, inda aka shafa shuɗi ba a gini sai da ƙarfafa bango. Aka kuma riƙa harba nakiya a jikin duwatsu bayan kowace babbar zuba, a saki ƙanƙarar da gangan tun tana kaɗan, bayan an rufe hanya. Amma babu garkuwar da ta fi daji. Mutanen Andermatt sun san haka tun 1397, shekarar da suka rubuta dokar hana saran itatuwan da ke bisa garinsu, kuma dajin yana nan har yau.

An ga amfanin aikin nan a watan Fabrairu na 1999, sa'ad da aka sake yin zuba irin ta 1951. A wannan karo mutum 17 suka rasu a gidaje da kan hanyoyi a Suwizalan, ko da ya ke jama'a da baƙi sun ninka na da. Duk da haka ba a ce an gama da haɗarin ba, gama ran 23 ga watan nan ƙanƙara ta shiga ƙauyen Galtür a Ostiriya ta kashe mutum 31.

Sai dai mutuwa ta sake wuri. Da can ita ƙanƙara ke zuwa ta iske mutum a gida, yanzu mutum ke zuwa ya iske ta. Cikin goma da ke mutuwa a Suwizalan a zamanin nan, wajen tara masu yawon shaƙatawa ne, waɗanda suka bar filayen wasan da a ke tsarewa suka shiga dajin duwatsu, inda babu shinge, babu mai harba nakiya. Ba ta kuwa san sarauta ba. Ran 10 ga Maris 1988, a Klosters kusa da Davos, zaftarewa ta rutsa da ayarin Yarima Charles, wanda ya zama Sarkin Ingila a 2022. Shi ya tsira, amma abokinsa Manjo Hugh Lindsay ya rasu.

Saboda irin waɗannan matafiya ne ƙasashen Turai suka yarda da ma'auni ɗaya a 1993, mai mataki biyar. Na 1 haɗari kaɗan, na 2 matsakaici, na 3 mai yawa, na 4 babba, na 5 mafi girma. Kowace rana ta hunturu a kan sanar da matakin, a faɗi kuma gefen dutsen da abin ya fi shafa, da tsayin da ya fara. Mai sauraro zai zaci a mataki na 5 aka fi mutuwa. Ba haka ba ne. A Suwizalan wajen rabin masu mutuwa a mataki na 3 su ke gamuwa da ajalinsu, kusan sulusi kuma a mataki na 2. Dalili kuwa a fili ya ke. Ran da aka ce 4 ko 5 kowa ya ga hadari da idonsa, ya zauna gida. Ran da aka ce 3 sau da yawa gari ya waye garau, dutse ya yi kyau, ƙanƙara ba ta zubowa da kanta, tana jiran mai taka ta ne kawai. Ranar farko da rana ta fito bayan babbar zuba tana cikin ranakun da suka fi cin mutane.

Amma dutse ya kan yi gargaɗi ga mai lura. In an ga inda ƙanƙara ta zaftare jiya ko yau a wani gangare, to, duk mai kama da shi abin gudu ne. In mutum ya taka ya ga tsaga ta ruga daga ƙafarsa, allo ne ya taka. In kuma ya ji wani gurnani daga ƙarƙashi kamar an bugi babbar ganga, ƙasa ta ɗan nutse da shi, shimfiɗa mai rauni ce ta murƙushe, sa'arsa ɗaya wurin bai yi gangare ba. Masu hankali ba sa ratsa mugun wuri a tare, sai ɗaya bayan ɗaya, sauran suna tsaye a amintaccen wuri suna kallo, domin in ta tafi da ɗaya a sami masu haƙo shi. Su kan kuma kauce wa kwazazzabai, inda ko ƙaramar zaftarewa kan tara ƙanƙara mai zurfi.

Maganar haƙowa kuwa magana ce ta mintoci. Da zaftarewa ta tsaya sai ta sandare nan take kamar busasshen siminti. Abin da zai cika akwati mai mita ɗaya kowace fuska kan kai nauyin buhu huɗu na hatsi. Wanda ta rufe ba ya iya motsa ko yatsa, bai san sama daga ƙasa ba. Waɗansu tun a hanya su ke mutuwa saboda bugun itatuwa da duwatsu, amma mafi yawa numfashi ne ke ƙare musu. Wani bincike da aka buga a 1994, bisa haɗurran Suwizalan, ya nuna in an haƙo mutum cikin minti 15, fiye da 90 cikin 100 su kan rayu, amma in ya kai minti 35, sai wajen 30 cikin 100. Wani binciken na 2024 ya ƙara matse lokacin, ya nuna tun daga minti 10 damar ke fara zubewa. Yarima Friso na ƙasar Holan ya yi kimanin minti 25 a binne a Lech ta Ostiriya a watan Fabrairu na 2012. An fito da shi da rai, amma ƙwaƙwalwarsa ta riga ta lalace don rashin iska, ya rasu a 2013.

Jirgin sama mai saukar ungulu da karnukan ceto suna da amfani, amma sau da yawa kafin su iso lokaci ya ƙure. Mai ceton mutum shi ne abokin tafiyarsa. Domin haka a ke so kowa ya ɗauki abu uku. Na farko wata 'yar na'ura ce mai aika saƙon rediyo, wadda wani Ba'amurke mai suna John Lawton ya ƙago a 1968. Kowa ya rataya tasa tana aikawa, in an binne ɗaya sai sauran su juya nasu su koma karɓa, su bi saƙon har kansa. Na biyu doguwar sanda ce mai naɗewa, wadda a ke cakawa a taɓo shi. Na uku shebur, gama kafin a kai ga wanda ke zurfin mita guda sai an kwashe ƙanƙarar da ta kai tan ɗaya ko fiye, hannu kuwa ba ya wannan aiki. Akwai kuma jakar baya mai kumbura da iska in an ja igiya. Hikimarta sananniya ce ga duk macen da ta taɓa girgiza tsaba a faifai ta ga manyan suna tasowa sama. Jakar kan ƙara wa mutum girma don ya taso, amma ba ta hana shi bugun dutse.

Duk da ilmin nan da kayan nan, har yanzu a kan rasa ƙwararru, masu sanin duk abin da aka faɗa a jawabin nan. Masu bincike sun bi labarun haɗurra, suka tarar da dalilai iri ɗaya suna maimaituwa. Wani ya bi hanyar nan sau ashirin lafiya, ya ɗauka ya san ta, ya manta cewa dutsen ne bai sake ba, ƙanƙarar ta sake. Wani ya ga sawun mutane a gabansa ya saki jiki, alhali allo kan ɗauki mutum tara ya fashe da na goma. Wani ya biya kuɗi ya yi doguwar tafiya, ya ga asara ce ya koma. Wani kuma zuciyarsa ta ƙi, amma kunyar abokai ta hana shi magana. Ita kuwa shimfiɗa mai rauni ba ta hukunta kowane kuskure. Mutum ya yi ganganci ya tsira, sai ya zaci gwaninta ce, ya ƙara.

Cibiyar Davos tana iya faɗin matakin haɗari na yanki guda, amma babu masanin da zai nuna gangare ɗaya ya rantse cewa yau ba zai ɓalle ba. Abin da ya rage a hannun matafiyi shi ne zaɓin inda zai sa ƙafarsa. In an ce mataki na 3, ya tsaya a inda gangare bai kai digiri 30 ba, kuma babu wani mai tsayi bisa kansa. In ya ga alama, ya juya, ko da ƙololuwar dutsen tana gabansa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, tsofaffin jagororin Alps kuwa da wannan ra'ayi suka kai ga furfura.

Nan jawabin wannan mako ya ƙare. Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gida lafiya.